Farin Zare Bakwai

Kada ka kuskura ka kira shi tela. Zai ajiye abin da ke hannunsa, ya dube ka ta saman tabarau, ya tambaye ka ko ka ga keken ɗinki a shagon. Babu keke. Akwai tebur ɗaya, kujera ɗaya mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da katako, almakashi ƙarami kamar na yankan farce, da wani tsohon akwatin biskit cike da zare. Shagon kansa ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai yankan makulli da wani kantin takalma da ya canza hannu sau huɗu. Mai Allura ake ce masa, kuma yawancin mutanen layin ba su san yana da wani suna ba.

Aikinsa ɓatar da rami ne. In dutsen guga ya ƙona maka riga, ko ƙusa ta kama wandonka, ko asu ya ci kwat ɗin da ka adana, shi ake kai wa. Ba ya liƙa ƙyalle. Sai ya buɗe kalmasar rigar ta ciki, ya zaro zarenta sili-sili, ya sake saƙa wurin, na tsaye da na kwance, har ramin ya koma yadi. Ranar karɓa mai kaya ya yi ta juya riga yana neman inda aka gyara, shi kuwa ya naɗe hannu yana kallon titi kamar ba ruwansa. Wani ma'aikacin banki har rantsuwa ya taɓa yi cewa sabuwa aka sayo masa. Wannan 'yar lalube da mutane ke yi ita ce abin da ya fi so a duniya, ko da yake ba zai taɓa faɗa ba.

Yana ɗan shekara goma sha huɗu baffansa ya zaunar da shi a kan aikin. Shekara arba'in da shida ke nan. Da allurar ya yi aure, da ita ya raini 'ya'ya biyar, da ita ya yi jinyar matarsa har Allah ya karɓi abarsa. Huɗu sun watse garuruwa. Saura Auta, wadda ke aiki a ofishin ruwa can ƙarshen titi, take kawo masa abinci a kula duk rana tsaka, ta zauna a kan akwatin zare tana yi masa faɗan rashin shan ruwa.

Idon kuwa a hankali ya fara janyewa. Farko kafar allura ce ta soma wasan ɓuya. Ya sayi tabarau a bakin titi, ya sake sayen wani mai kauri, duk a banza, abu kamar hayaƙi ya tsaya masa a gaba. Bai gaya wa kowa ba, kuma yana da dalilinsa. Yayansa direba ne, shekara talatin a kan hanya. Ranar da ya yi suɓutar baki ya ce ba ya ganin alamar titi sosai, ranar 'ya'yansa suka karɓe makullin mota, don ƙauna fa, suka saya masa kujera mai laushi suka ajiye a baranda. Cikin shekara guda mutumin da ke cika gida da surutu ya zama abin da ake gaisarwa a wuce. Mai Allura ya fi tsoron kujerar nan a kan mutuwa. Bayan ita kuma yana tsoron a kai wuƙa kusa da idonsa.

Mai Makulli ne ya kama shi. Sa'o'in juna ne, shekara ashirin suna jin tarin juna ta bango. Ya leƙo aron tsintsiya, ya tarar da maƙwabcinsa ya lashi bakin zare karo na bakwai yana sukar iska.

"Tsoho, zaren nan ci za ka yi ko ɗinki?"

"Allurar ce ta banza. Na yanzu duk kafarsu a toshe take."

"Haka ne. Ni ma lambobin makulli duk sun ƙanƙance bana. Miƙo wayarka."

Auta ce ta saya masa wayar, shi kuma iyakarsa da ita amsa kira. Mai Makulli ya shiga cikin saitinta ya yi 'yan taɓe-taɓe, ya ce masa ya danna maɓallin gefe sau uku a jere. Ya danna. Mai Makulli ya ɗora wayar a saman allurar, sai ga kafarta a fuskar waya, wangale kamar taga.

Mai Allura ya kai zare, ya shige a karo ɗaya.

"Tun yaushe abin nan yake ciki?"

"Tun ranar da aka ƙera ta. Mutane ne ba sa nema. Kowa ya riƙe gilashin ƙara girma a aljihu, sai kallon rawa yake yi da shi."

Ya nuna masa yadda ake ja da yatsa a ƙara girman, da yadda ake kunna tocila a ciki, da wani ɗan maɓalli da ke tsayar da hoton cak, mutum ya ƙirga silin saƙa a natse ko da hannunsa na rawa. Da zai fita, Mai Allura ya riƙo gefen rigarsa.

"Maganar nan ta tsaya nan. Auta ba ta sani ba."

"Ni makulli nake yanka, ai ka san na iya rufe abu. Amma ka je asibiti, tsoho."

Bai je ba. A maimakon haka ya lanƙwasa ƙarfen rataye kaya, ya haɗa da abin matse shanya guda biyu, ya yi wa wayar mazauni a kan tebur, tana leƙen yadi daga sama. Wallahi aikin da ya yi a watannin nan ya fi na shekarunsa na ƙuruciya kyau. Yana ganin kowane sili kamar igiya. Da ya ji takun Auta a bakin shago sai ya kife wayar, ya ce labarai yake saurare.

Auta ba yarinya ba ce. Ta lura wayar kullum da zafi, kullum a jikin caji, idon mahaifinta kuma yana ruwa. Ta ɗauka tsohon ya koyi kallon bidiyo ne yana jin kunyar faɗa, har abin ya ba ta dariya. Wata rana ya fita wanke hannu a famfo, ta ɗauki wayar ta kunna masa abin nan na kare ido, wanda ke rage kaifin hasken fuskar waya ya mai da shi ɗan rawaya-rawaya. Ta sa shi ya zauna a kunne dare da rana. Da ya dawo ta ce, "Baba, na rage maka zafin hasken nan." Ya ce Allah ya yi albarka, hankalinsa na kan kula, bai ma ji abin da ta ce ba.

Sati biyu babu abin da ya faru, don duk kayan da suka zo masu duhu ne, kuma daga jikinsu yake zaro zare. Sannan mai kantin magani ta kawo farar rigarta ta aiki. Wani ruwan magani ya ɗiga ya ci ƙirjin, daidai saman aljihu. Ta daɗe tana kawo masa aiki, tun tana ɗaliba. Ya buɗe kalmasa, ya tarar irin ɗinkin kamfani ne da aka datse gab da gab, babu abin zarowa. Dole sai zaren akwati.

Farin zare iri bakwai yake da shi. Wanda bai san aikin ba zai ce duk fari ne, amma akwai fari fat, akwai mai ɗan shuɗi, akwai na tsohuwar riga da ta sha wanki, har zuwa ruwan madara. A da, bakin ƙofa yake fitowa da su, kallo ɗaya ya zaɓa. Yanzu sai ya jera su a kan rigar ƙarƙashin waya. A fuskar wayar rigar ta fito ruwan madara, launukan zaren kuma duk suka matso kusa da juna. Ya daɗe yana dubawa. Ya ɗauki wanda ya ga ya fi dacewa, ya yi kwana uku yana saƙa, saƙar da shi kansa ya yaba.

Mai kantin magani ta karɓa da hanzari a cikin leda, ba ta buɗe ba. Washegari da safe ta dawo. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Baba, ina kwana. Ko dai wani ka ba aikin nan?"

"Wani wa? Ni kaɗai ne a nan."

Ta shimfiɗa rigar a kan tebur, ta ɗora yatsa. "Ka gani? Saƙar ba ta da laifi ko kaɗan. Launin ne."

Ya sunkuya ya duba inda yatsanta yake. Fari ya gani, fari ko'ina. Ya ce, "Na gani. Bar ta, zan warware." Ƙarya ce irin wadda bai taɓa yi wa mai kaya ba, kuma ta yi masa ɗaci a baki. Tana fita ya danna maɓalli sau uku, ya duba. A cikin wayar ma da ƙyar ake ganin bambanci. In ido ya daina raba launi har da taimakon waya, ai magana ta ƙare.

Bai taɓa wani aiki ba ranar. Ya zare wayar daga mazauninta, ya miƙar da ƙarfen ratayen ya rataye shi a ƙusa. Ya fara soke allurai a jikin ƙyallen da baffansa ya bar masa, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, yana lalube da ɗan yatsa. A haka Auta ta same shi da rana.

"Baba, lafiya? Ina za ka da allurai?"

"Zauna, Auta."

Ta zauna da kular a cinya. Ya gaya mata duka, tun daga kafar allura har zuwa rigar mai magani, idonsa na kan tebur. Ya ce shekara biyu ke nan. Ya ce ya san abin da za ta faɗa wa yayyenta, abu ɗaya kawai yake roƙo, kada a saya masa kujera.

"Shekara biyu? Kullum ina zaune a nan, Baba. Kullum! Haba."

Ta jawo rigar, ta ga tabon, kamar an ɗiga shayi. Ta ɗauki wayar don ta ga abin da yake gani, ya nuna mata yadda ake dannawa. Hoton ya fito. Ta dubi rigar, ta dubi wayar, ta sake duban rigar. Sai ta dafe baki.

"Wayyo Allah. Ni ce."

"Ke ce me?"

"Hasken da na rage maka. Shi ke sa komai rawaya. Na ɗauka kallo kake yi, ban san aiki kake yi da ita ba."

Ta ja fuskar wayar daga sama ta taɓa wata 'yar alama, ta miƙa masa. Rigar ta koma fari fat, ga saƙarsa a tsakiya, ruwan madara, ba ta ɓuya ga kowa. Bai taɓa murnar ganin kuskurensa ba sai ranar. Ya jawo akwatin biskit, ya jera zaren bakwai, ya nuna na biyu ba tare da jinkiri ba.

"Ga shi nan! Wannan ne! Ashe ba ni ba ne." Ya ƙwala kira ta bango. "Mai Makulli! Ashe ba ni ba ne!"

Dariya yake yi har da tari. Ya juyo wurin Auta da wayar a hannu, yana shirin tsokanarta cewa ita ce ta kusa korar ubanta daga aiki. Gilashin na nan a kunne. Fuskarta ta cika wayar.

Dariyar ta tsaya. Ɗankwalinta ya ɗan zame, ga gashin gefen goshinta, kuma a cikinsa akwai farare, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ƙarƙashin idonta ya yi duhu, akwai wasu 'yan layuka a gefen bakinta da bai san da su ba. Hawaye na gangarowa, kuma sai yanzu ya san kuka take yi. Ya sauke wayar ya dube ta da idonsa, sai inuwar mace da ɗankwali. Ya sake ɗagawa.

"Auta, yaushe kika yi furfura?"

Ta gyara ɗankwalin, ta share fuska da bayan hannu. "Ta kwana biyu, Baba. Na ɗauka kana gani kana ƙyale ni."

Ya daɗe yana kallonta ta cikin wayar, ita kuma ba ta kawar da kai ba. Mai Makulli ya leƙo, ya ga yadda suke, ya koma shagonsa.

"Asibitin idon nan," in ji Mai Allura, "wuƙar, ana ji?"

"An ce ba a ji. Kuma ina nan tsaye."

Ya kashe wayar ya ajiye a kan tebur.

"Bari in gama wa baiwar Allah nan rigarta. Kwana uku. Ki nemi izini a wurin aiki ranar Litinin."