Yadda Kaka Tsahara Ta Rama a Rediyo

A gidanmu na Tahoua, lokacin ɗari, da an sauke tukunyar tuwo ba a kashe wuta. Kakata, Tsahara, takan ƙara karan hatsi a murhu, ta jawo tabarmarta, mu jikoki mu kewaye ta muna miƙa tafin hannu ga garwashi. Matan maƙwabta ma sukan shigo da sunan ɗibar wuta, su zauna har a tashi.

Kaka ba tatsuniya kaɗai take yi ba, ita kaɗai takan zama gari guda. Ta yi muryar mahauci mai rantsuwa, ta juya ta zama amarya mai shagwaɓa, ta koma makiyayi mai karyayyar Hausa, duk a numfashi ɗaya. Haƙoranta biyu na gaba sun faɗi, saboda haka maganarta na fita da ɗan fito. Mu dai a wurinmu wannan fiton shi ne daɗin labarin.

Ina da shekara tara Mushe Idi ya fara zuwa (Mushe lakabin ƴan boko ne a wurinmu, daga Faransanci). Ɗan unguwarmu ne, yana aiki a wani gidan rediyo, inda yake shirya wasan ban dariya kowace Alhamis. Yana sa tabarau, yana rataye da baƙar jaka mai rakoda a ciki. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba ya gama magana sai ya ja hanci ya ce, "Kun gane ko?"

Ya durƙusa ya gaida Kaka. "Inna, so nike in aje muryarki cikin kaset, don jikokin jikokinki su ji. Kin gane ko?"

Kaka ta ji daɗi ƙwarai. Ta yi masa mahaucin, ta yi masa amaryar, ta juye masa duk abin da ke kanta cikin mako uku.

Bayan wata guda muka ji mahaucin Kaka a rediyo, a bakin wani saurayi. Muka ji amaryar. Aka gama aka ce Mushe Idi ne ya ƙirƙira, ba a ambaci Kaka ba. Wannan ta shanye. Abin da ba ta shanye ba shi ne sabuwar tsohuwa da ya ƙara a wasan, wawuya mai surutu, wadda maganarta ke fita da fito. Washegari Kaka ta je kasuwa sayen kuka, ta buɗe baki ta yi sallama, masu tebur suka fashe da dariya. Wani ya kwaikwayi fiton a bayanta.

Ta dawo ba kukar. Daga ranar ta daina tatsuniya. Mukan zauna gefen murhu, ita tana tsinke zare daga gefen zanenta, har kusan kwana ashirin. Babana ya ce zai je ya sami Idi.

"Zamna," in ji ta. "Ba kai ya taɓa ba. Ni ya taɓa."

Wata rana bayan magariba ta ce in kira mata matan maƙwabta. Suka cika tsakar gida. Ta tura kara cikin wuta ta ce, "Ku matso, yau sabuwa na dahwa muku."

Labarin wani bunsuru ne mai tabarau, wanda Allah bai ba murya mai daɗi ba. Sai ya ɗinka jaka, ya riƙa bin tsuntsaye yana cewa su ba shi muryarsu ya aje musu kada ta lalace. Zabuwa ta ba shi, kurciya ta ba shi. Ranar kasuwa sai ya ɓoye jakar a hammata, ya matsa ta, waƙa ta fito, ya riƙa motsa baki ana tafa masa. Da tsuntsaye suka gane, tsohuwar zabuwa ta ce kowa ya yi shiru. Ya dawo neman ƙari, ta karɓi jakar ta shiga ɗaki, ta juye muryoyin duka, ta cika ta da kukan da shi kansa yake yi in yana barci. Ranar babban taro ya matsa jaka, sai ga "meee" har bakin rijiya, ga warinsa ya biyo baya.

Labarin kansa ba shi ya kashe matan da dariya ba. Duk lokacin da bunsurun ya yi magana, Kaka sai ta gyara tabaran da ba ta da shi, ta ja hanci ta ce, "Kun gane ko?" Wata maƙwabciyarmu, Hajo, ta yi dariya har ta kife a kan turmi.

"Ku kai shi ko'ina," in ji Kaka. "Wurin daka, wurin suna, wurin kitso. Amma kar wadda ta hwaɗa ma Idi."

Cikin mako biyu labarin ya zaga unguwanni, har waɗanda suka je cin kasuwa Bambeye sun dawo da shi. Shi kuwa Idi, abin da ya kwasa ya ƙare, wasansa ya fara lami. Sai ga shi da jakarsa, da ƙullin goro.

Kaka ta tarbe shi da fara'a. "Ɗana, ka ɓace mini. Zamna, akwai wata da ban ba kowa ba sai kai." Ta ba shi labarin bunsuru tsaf, sai dai ta cire tabaran, ta cire jan hancin. Da ta gama ta ce, "Amma hwa muryar bunsurun ga, yaran nan naka ba su iya ta. Sai babba. Kai ya kamata ka yi ta da bakinka."

Ya yi murmushi, ya ce shi ma haka ya gani.

Ranar Alhamis gidanmu ba wurin sa ƙafa. An sa sabon pil, wato batir, a rediyo. Mushe Idi ya fito a bunsuru, yana roƙon zabuwa muryarta, kuma bai kai ƙarshen maganarsa ta farko ba ya ja hanci ya ce, "Kin gane ko?" Ihun da ya tashi ba daga gidanmu kaɗai ba ne, mun ji shi ta kan katanga, gida bayan gida. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta ɓare goron da ya kawo, ta tauna a hankali.

Daga ranar sunansa ya koma Bunsuru Mai Jaka. In ya wuce, sai ka ji "meee" daga cikin shago. Bai shekara ba ya bar wasan. Bai kuma taɓa zuwa ya ba ta haƙuri ba, har ta rasu.

Yanzu ina koyar da Ingilishi a wata makaranta a nan cikin gari. Wata abokiyar aikina ta zuba mini littattafan saurare da wasannin rediyo na ban dariya a waya, don gyaran kunne. Wata Baturiyar Ingila ce, ƴar wasa, take karantawa. Ita kaɗai take yin mai gida da kuku da tsohuwar gwaggo, kamar dai Kaka. Na yi dariya sosai, sai da aka zo ƙarshe na ji an faɗi sunan Baturiyar a fili, kamar yadda aka faɗa a farko. Nan na tuna Kaka, na daina dariya. Na nemi Idi, ya tsufa, na roƙe shi kaset ko da guda. Ya ce ai tuni ya ɗauki wasu abubuwa a kansu.

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne kada ka ɗauki abin wani. Yanzu na ga Kaka wani abu ta nuna mini: ba ta kai ƙara ba, ba ta yi zagi ba, muryar da aka raina, da ita ta rama. Na san ana son mutum ya yafe, kuma ina roƙon Allah ya sassauta mini zuciya. Bai sassauta ba tukuna. Kowace shekara ina ba ɗalibaina labarin bunsuru. Bana akwai jikar Idi a ajina, yarinya mai hankali, ta fi kowa dariya. Da aka tashi na kira ta na ce, "In kin je gida ki ba kakanki wannan labari. Ki fara da cewa na Tsahara ne."