Igiya Mai Ƙulli Uku

Ina zaune a rumfar wani kafinta a kasuwar Magariya, ina jiran ya gama mini ƙofa, sai ga wata mata da za ta kai shekara hamsin. In an gaishe ta, ba wuya take juyawa ba, jikin gaba ɗaya take juyowa. Kafaɗarta ta dama ta ɗara ta hagu tashi, yatsunta kuwa sai motsi suke a kan jaka, kamar har yanzu aiki suke.

Ta ciro igiya mai ƙulli uku tana nuna masa: ga tsayin teburinta, ga na kujera, ga inda ƙafarta take lilo ba ta taɓa ƙasa. Mai buga takardu ce a jami'a, hutu ya kawo ta gida. Ɗan katakon da za ta riƙa ɗora ƙafa take so.

"Hajiya, ki kawo kujerar mana, in rage mata tsayi," in ji kafinta.

"Kayan gwamnati ne, Malam. Lamba gare ta, ba ta fita daga biro, wato ofishinmu. Sau huɗu ina rubuta takarda a sake mini wata, har likita ya sa hannu. Kullum sai a ce ana dubawa."

Ina jin bakin da ke ci daga kujerar nan da yawa, shi ya sa ta kasa barinta.

Ta naɗe igiyarta a hankali, ta dafa ƙugu ta miƙe.

"Ka sa katako mai ƙwari," ta ce. "Saura shekara tara in tashi daga kanta."