Turakun da Baba Ya Sauya

Jiya wani ɗalibina ya shigo ofis rungume da turakun gwaji, waɗansu da jan fenti, waɗansu da fari, fentin ko bushewa bai gama yi ba. Warin na bugun hancina na ji raina ya ɓaci. Bai yi mini laifin komai ba, bawan Allah. Turakun ne suka mayar da ni gonarmu ta gefen Lakwaya, shekarar da nake aji shida na firamare.

Bari in fara gaya muku labarin dawar Kaka, mahaifiyar Babanmu. Daga Getso ta zo da irin, ƙulle a bakin zane, tun zuwanta gidan. Kaura ce doguwa, tuwonta yakan kwana bai saki ba, karanta kuma shi ne dangarmu da rufin rumbunmu. Duk lokacin girbi ita da kanta take shiga gona ta zaɓi zangarniyar iri, ta rataye a madafa inda hayaƙi zai kore mata ƙwari. Rabin ƙauyen nan a hannunta suka samu irin.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne, komai ya yi tsada, har sabulu sai an yanka shi gida uku. A wannan bazarar wani malamin bincike ya zo a kan babur da irin wata gajeriyar dawa. Mutumin kirki ne, kuma ya san aikinsa. Ya ce ba zai ce tasa ta fi ba sai an gwada. Ya auna fili biyu daidai wa daida, ya ce rana ɗaya za a shuka, rana ɗaya za a yi noma, abin da aka yi wa wannan shi za a yi wa wancan. Sannan ya jefa tsakuwa biyu a hularsa, ya sa aka yi ƙuri'a, don kada son rai ya zaɓa wa kowace dawa wurinta. Tasa ta faɗa jigawar bakin hanya, ya kafa jan turke. Ta Kaka ta faɗa inda Fulani suka zauna da shanunsu da rani, ya kafa fari. Da yake ni ce 'yar makaranta a gidan, ya ba ni littafi da biro, ya ce duk abin da aka yi a filayen nan in rubuta, ko da ruwan wanke hannu aka zubar.

Ƙurar babur ɗinsa ba ta gama kwanciya ba Baba ya ce wannan abin kunya ne. Yaya baƙo zai taso tun daga birni, a ba shi mafi munin wuri a gonarka? Me za a ce da mu? Ya tumɓuke turakun nan ya sauya musu wuri, jan ya koma makwancin shanu, farin ya koma jigawa. Ba mugunta ba ce, wallahi. Baban da ke ba baƙo shimfiɗarsa ya kwana a tabarma, haka ya ga ya dace a yi wa dawar baƙo.

Inna ma ba ta bari an bar ta a baya ba. Duk safiya sai ta tara toka da kashin awaki a tsohon kwando ta ɗora mini, ta ce in kai wa dawar Malam, kada ya zo ya tarar da ita a rame. Ni na kai, da kaina, har damina ta yi nisa. A littafi kuwa sai in rubuta ranar ruwa da ranar noma, in tsallake kwandon.

Kaka kaɗai ta yi magana. Ta tsaya a kan iyaka, ta dubi tata tana fama da yashi, ta ce, "Kun ƙosar da ɗaya, kun bar ɗaya da yunwa, sannan ku ce su yi kokawa?" Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, ai karamci ne."

Malamin bai gane ba. Ƙauyuka da yawa ke hannunsa, man babur kuma ba kullum ofishinsu ke ba shi ba, sau uku kacal ya leƙo mu. Turakun yake bi, turakun kuwa suna nan ja da fari. Ranar awo ya rataya sikelinsa a reshen ɗorawa, mazan ƙauye suka kewaye shi. Gajeriyar ta yi wa ta Kaka nisa ba kaɗan ba. Har shi kansa abin ya ba shi mamaki, shi ya sa ya juyo gare ni da littafin a hannu.

"'Yan mata, babu abin da kika manta? Daidai aka kula da su?"

Na dubi Baba. Bai harare ni ba, bai ma dube ni ba. Na ce, "Daidai ne, Malam."

Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne, Baban da ya sauya turakun da hannunsa shi ya fara gaskata sikelin. Da damina ta zagayo ya shuka gajeriyar a gonar gaba ɗaya, maƙwabta suka bi shi, ai sun gani da idonsu. Takin zamanin da take so ya gagari talaka. A jigawa ta tsaya iya gwiwa, ciyawar wuta-wuta ta cinye ta, ɗan abin da ya nuna da wuri tsuntsaye suka sauka a kai. Ko karan danga ba mu samu ba. Cikin yunwar wannan shekarar aka sauko da zangarniyar Kaka daga madafa aka yi mana kunu. Na sha, har na nemi ƙari.

Kafin mutane su farga su nemi tsohon irin, kowa ya cinye nasa yana zaton na maƙwabci na nan.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ina koyarwa a birni, ciwo ya kwantar da Kaka. Ko'ina wa'azi ake yi a kan tauye mudu da shaidar zur, ni kuwa in na ji sai in tuna littafin nan. Ta daina cin tuwo, ta ce wannan dawar ba ta da rai. Na bi kasuwar Getso, na bi ta Gwarzo da ta Kabo, ina ƙullo kaura kala-kala. Kowacce sai ta murza a tafin hannu, ta kai hanci, ta ture. A ta ƙarshe ta riƙe hannuna, ba da faɗa ba.

"'Yar boko, ubanki kunya ta hana shi. Ke kuwa aka ba littafin."

Ba ta sake tayar da zancen ba har ta rasu.

Yanzu ni ke duba binciken ɗalibai, sun kuma san ni da tsanani. Nakan tambaye su wa ya zaɓi filin, wa ke kwana kusa da shi, wa ke jin nauyinsu a gidan da har zai taimaka musu a ɓoye. Suna ganin fitina ce kawai ta tsohuwar malama. A ƙauye kuwa 'ya'yan yayyena a leda suke sayen iri duk shekara, ba wanda ke rataye komai a madafa.

Mai yiwuwa ma gajeriyar ta fi ta Kaka da gaske. Mai yiwuwa da an bar turakun inda ƙuri'a ta ajiye su, da ta ci a kan gaskiya, da kuma ban ɗauki wannan nauyin ba. Na san yadda ake shirya gwajin yanzu, zan iya tsara shi ba kuskure ko ɗaya. Sai dai babu sauran ƙwaya ɗaya ta dawar Kaka da zan shuka a ɗaya filin.