Rahmatu da Albasar Jiratawa

Duk wanda ya zauna Sabon Gari a Maradi ya san ƙarar mobilet ɗin Rahmatu Tanimu. Da hantsi take fitowa, gyale ɗaure a ƙugu, manyeton ɗaukar murya cikin jaka, mashin ɗin yana tari kamar tsohon mashayin taba. Masu shaguna ba sa barin ta wuce sai sun ce, "Madam, yau wa za a tsare?" Ita ce ta yi shekara da shekaru a gidan rediyo tana juya mana muhawarar majalisar dokoki daga Faransanci zuwa Hausa, musamman ranar da depitoci, wato 'yan majalisa, ke kiran ministoci su amsa tambayoyi. Wannan watan ta ajiye aiki. Ba wanda ya rataya mata lambar yabo, don haka bari mu rataya mata tamu.

Da dimokuraɗiyya ta zo, mun koyi jefa ƙuri'a da wuri, mun koyi rawa da hular jam'iyya, amma tambayar babba ba mu koya ba. A wurinmu, ka dubi mai mulki ka ce masa "don me?" rashin kunya ne. Rahmatu ta ga abin da wannan kunya ke jawowa a Jiratawa, shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi.

Ana tsakiyar noman rani injinan ɗebo ruwa suka tsaya. Alkama ta yi rawaya, albasa ta ƙi girma. Maidawa, shugaban manoman wurin, yana kallon abincin iyalinsa yana ƙonewa a tsaye. Sai ga depitensu, Abdulmutallib, ya zo rangadi. Aka share fili, aka shimfiɗa tabarmi. Ya ce, "Ina aiki, ina ruwa?" Maidawa ya rusuna ya ce, "Lahiya lau, ranka shi daɗe, sai godiya." Aka bi gida-gida aka tsinto albasar bara, wadda ta fi kowace kyau, aka cika masa kwando. Bawan Allah ya koma Yamai yana murna.

Da wani ɗan adawa ya ta da maganar injinan a majalisa, ministan da abin ya shafa dariya ya yi. Ya ce ruwa na gudana, ga wakilin yankin nan zaune, a tambaye shi irin albasar da aka ba shi. Rahmatu ce ke fassara. Ta san ba haka ba ne, don ta ga busassun magudanan da idonta. Da wani ne da ya tauna maganar ya rage mata kaifi. Ita ta faɗe ta yadda aka faɗa, ta tashi daga aiki ranta a ɓace.

Washegari sai ga Dada, matar Maidawa, a ƙofar gidan rediyo, ko gaisuwar kirki babu.

"Ke ce kinka ce ma duniya muna da ruwa?"

"Ba ni na ce ba, Inna. Ku kunka ce, ni maimaitawa na yi."

Ta goya Dada a mobilet suka nufi Jiratawa. Maidawa yana ganin manyeto ya ɗaure fuska.

"Ɗiyata, baƙo shi zo gidanka ka tarbe shi da kuka? Mu ba haka munka tashi ba."

"Baba, ba baƙo ba ne, ɗan aike ne. Ku kunka aike shi. Wa ka aiken mutum kasuwa bai gaya mai abin da za shi sawo ba?"

Maganar ta shige shi, amma ya rantse shi ba zai kai ƙarar kowa cikin na'ura ba.

A nan basirarki ta fito, Rahmatu. Ba ki ce da tsoho ya yar da tarbiyyarsa ba, ba ki kira shi bagidaje ba. Cewa kika yi, "To, ku sake yi mashi tsaraba. Amma ta gonar bana."

Maidawa da kansa ya kai kwandon gidan depite a Maradi. Suka gaisa, lafiya lau kamar kullum, ya ajiye. Abdulmutallib ya buɗe ya ga albasa a yamutse, wadda ta fi girma ba ta kai goro ba. Ya daɗe yana kallo.

"Baba, wanga fa?"

"Abin da gona ta ba mu ke nan, ranka shi daɗe."

A nan sai a yaba wa depiten. Jam'iyyarsu ɗaya da ministan, ya san abin da zai biyo baya, amma kunya ta kama shi ta inda ya dace. Ya shigar da tambayarsa.

Ranar da za a amsa, aka bugo waya daga sama, aka ce da shugaban gidan rediyo gara a sa kiɗa. Rahmatu ta ce masa, "Zaman nan ana watsa shi da Faransanci. Wato wanda ya yi lakwal ya yi boko ne kaɗai ya yi zaɓe?" Ta shige ɗakin watsa labarai ba ta jira amsa ba, tana sane da cewa aikinta na iya tafiya.

Daga Tsibiri har Jiratawa mutane suka kewaye rediyo a gindin itatuwa. Abdulmutallib ya juye kwandon a kan tebur ya ce ga tsarabar mutanensa, yana so minista ya faɗa wa majalisa wane ruwa ne ya shayar da ita. Minista ya yi shiru. Rahmatu ma ta yi shiru daidai tsawon nasa, sannan ta ce, "Masu saurare, ba rediyonku ce ta lalace ba." An ce guɗar da Dada ta rangaɗa har awaki sai da suka watse.

Majalisa ta aiko da kwamiti. Aka tarar da kayan gyaran jibge a siton wani ɗan kwangila, ƙura ta rufe su. Injinan suka tashi. Alkama ta riga ta tafi, amma albasar dashen baya da zogale sun sha, gidan Maidawa bai kwana da yunwa ba.

Ke ce, Rahmatu, mai faɗin magana yadda aka faɗe ta, ko ta yi ɗaci. Da sojoji suka rufe majalisa ba ki jingine mobilet ba, kin ci gaba da zagaya ƙauyuka kina cewa a riƙe tambayoyi, za a sake buɗewa. Aka kuwa buɗe.

Ranar ban kwana Dada ta zo tana dogara sanda, an ɗauko mata kwandon albasa manya-manya kamar dunƙulen hannu. Rahmatu ta durƙusa ta ce, "Inna, ina ruwa?"

"Lahiya lau," in ji Dada. "Amma inji guda ya soma tari. Ki gaya ma wadda ta gaje ki, a tambaye su."

Mun gode, Rahmatu, Allah ya sa ki huta lafiya. Mu kuma da ta bar wa aikin, in wakilinmu ya zo mu shimfiɗa masa tabarma, mu amsa gaisuwarsa da lafiya lau. In an gama gaisawa, kada mu bar shi ya tashi bai ɗauki aikenmu ba.