Tsohon da Ya San Kafasita

Tela na jiran fankarsa a rumfar mai gyara, idonsa na kan wani tsoho mai koɗaɗɗiyar kwat da tabarau ɗaure da zare. Tsohon ya yi kama da malamin da ya rasa mai saurarensa a gida.

Tsohon ya ɗaga ƙonanniyar kafasita, 'yar na'urar tada fanka da aka cire daga tasa fankar.

"Wannan ba ta cin wuta," in ji shi. "Riƙewa take, ta mayar. Shekara talatin ina koyar da haka."

Mai gyara ko ɗagowa bai yi ba. "Baba, ta gama aiki kamar kai. Jefa ta shara."

Kowa ya kwashe da dariya, har da tela. Tsohon ya goge ta da hannun riga, ya sa a aljihu.