Fitilar Saman Gilashi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa wa Alhaji tsohuwar jif ɗinsa, tsakanin gidansa na Makarfi da gonakinsa na Nasarawan Doya. Na san tarinta, na san nishinta. Abin da ya raba ni da ita kuwa wata 'yar fitila ce da ba ta fi tafin hannu ba, ta birkin nan da ke saman gilashin baya.

Da damina ne, muna dawowa daga gona, laka ta rufe fitilun ƙasa ruf. Na taka birki saboda awaki, sai wata a-kori-kura ta daki bayanmu. Direbanta ya sauko yana rantsuwa bai ga ja ba. Aka duba, ashe ta saman ta mutu. A gaban jama'a Alhaji ya dube ni ya ce, "Sakacinka ya ishe ni. Motar ma ba ka iya dubawa?"

Kalmar sakacin nan ta ƙona min rai, na ce sai na wanke kaina. Washegari da hantsi na fito da kayan aiki. Duba fitilar birki aikin mutum biyu ne, ɗaya ya taka, ɗaya ya tsaya a baya. Amma 'yan zaman ƙofar gida, waɗanda nake rage wa hanya duk ranar kasuwa, kowa ya tashi da uzuri. Sun ga inda iska ta kaɗa. Sai na samo guntun rake na tokare birkin da jikin kujera. Wallahi raken ya fi su rana.

Na cire ƙwan fitilar, lafiyarsa ƙalau. Fiyus ma haka. Na goge lakar, na ga na ƙasa suna kawowa, ke nan makunnin birki bai da laifi. Sai na bi waya ina lalube har inda ƙofar baya take lanƙwasawa. Na zame robar da ke wurin, ga waya ta tsinke gida biyu.

Ban yi mamaki ba. Duk kaka Alhaji kan sa a lafta buhunan masara har ƙofar ta ƙi rufuwa, a ɗaure ta da igiya, ta yi ta bugawa a kan gargada. Sau nawa na ce masa ƙofar nan za ta ji jiki? Amsarsa ɗaya ce: "Da kuɗinka aka saya?"

Na haɗa wayar, na naɗe, fitila ta kawo. Na ɗauki guntun da na yanke na sami Alhaji a zaure, na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ga abin da ya kashe ta. Ɗaurin ƙofar nan ne."

Ko kallon hannuna bai yi ba. Ya ce, "To, madalla. Ajiye makullin nan, ka je ka huta. Ƙanin Hajiya zai riƙa ja."

Ashe tun daren jiya an gama magana, ni ne kawai ban sani ba. Na ajiye makullin na fito.

Ina tsaye a ƙofar gida da wayar a hannu ƙanin matar tasa ya fito da jif ɗin. Da ya kai kwana ya taka birki, fitila ta kawo jawur a saman gilashi. Sai a lokacin na samu wanda ya taka min, ni kuma ina tsaye a baya.