Ranar da Kawu Ya Ƙi Yin Tafinta

Shekarar da tsutsa ta cinye mana masara, matasan majami'armu da ke bayan Gozaki suka matsa sai an gayyato wani mai wa'azi daga birni ya yi mana taron farkawa. Sun gan shi a waya yana tura mutane suna faɗuwa. Dattawa suka yarda, don a lokacin kowa neman dalilin masifar yake.

Baƙon ba ya jin Hausa, sai aka ce kawuna ya yi tafinta. Kawu tsohon malamin firamare ne, gajere, mai taurin kai irin na jaki, Allah ya gafarta mini. Duk baƙon da ya zo da Turanci, shi ke tsayawa gefensa. Ya sha gaya mana cewa tafinta bakin wani yake ara, amma ranar shari'a da nasa bakin zai amsa. Mu dai dariya muke yi masa.

Ran Lahadi baƙon ya hau bagade, wurin wa'azi, da farar kwat, ƙamshin turarensa har bencin mata. Da farko lafiya lau. Ya karanta aya, Kawu ya juya ta da Hausa mai daɗi. Can ya rufe Littafi, ya rufe ido, ya ce ana nuna masa wahayi. Ina cikin 'yan tsirarun da ke jin Turanci, don haka na ji da kunnena. Ya ce tsutsar nan turo ta aka yi, kuma mayyar tana cikin ɗakin nan, tsohuwa ce mai jan kallabi a bakin taga.

Na waiga wajen tagar. Iya mai daddawa ce zaune a wurin, gwauruwar da ta binne 'ya'yanta duka, ba ta da mai tsaya mata. Na san garinmu. In kalmar nan ta fita da Hausa, ba mai ƙara sayen daddawarta, kuma ba na jin ɗakinta zai kai mako a tsaye.

Kawu bai juya wannan da Hausa ba. Baƙon ya buɗe ido ya daka masa tsawa ya fassara. Kawu ya juyo ga jama'a ya ce, “'Yan'uwa, abin da baƙonmu ya ɗauko daga Littafi na ba ku duka. Wannan na yanzu ban san inda ya samo shi ba, ba kuma zai bi ta bakina ba.” Ya koma benci ya zauna. Baƙon ya yi ta faɗa shi kaɗai, mutane na kallonsa, har fastonmu ya tashi ya ɗauko waƙa.

Da aka tashi Kawu ya tara mu masu Turancin a gindin darbejiya. Ya ce, “Duk wanda ya kai maganar nan gida, shi ya faɗe ta, ba baƙon ba.” Har matasan da suka yi gayyar suka sunkuyar da kai. Dattawa kuwa, da yake ya ƙi gaya musu abin da baƙon ya faɗa, suka sauke shi daga tafinta saboda ya wulaƙanta baƙo. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce ya bar ni in yi musu bayani, ya harare ni. Ban taɓa ganin girman mutum irin na ranar ba.

Muna hanyar gida sai ga Iya da sandarta, ta tare shi.

“Malam, ashe haka kake? Bawan Allah ya taso daga nesa, ka bar shi tsaye yana magana ba mai ji. Wa ya san albarkar da ka hana mu?”

Kawu ya cire hula ya rusuna. “Na yi laifi, Iya. A yi haƙuri.”

“Ka dai gyara hali,” in ji ta, ta wuce tana mita.

Ta yi shekaru bayan haka tana cin kasuwar Kafur da daddawarta. Ranar jana'izarta majami'a ta cika har waje. Har ta koma ga Ubangiji ba ta daina cewa Kawu mutumin kirki ne amma ba shi da ladabi ba, shi kuma bai taɓa musa mata ba.